Tallafin ɗaukar 'ya'yan riƙo a Amurka

Tallafin ɗaukar 'ya'yan riƙo kuɗi ne da inshorar lafiya da gwamnatin tarayya da jihohin Amurka ke bai wa iyalin da suka karɓi yaro daga hannun hukuma suka mayar da shi ɗansu a gaban kotu. A Hausa kalmar riƙo ta haɗa abu biyu da dokar Amurka ta raba. Akwai riƙon wucin gadi, inda hukuma ke ajiye yaro a gidan wasu tana biyan kuɗin ci da sutura. Akwai kuma riƙo na dindindin, inda kotu ke yanke haƙƙin iyayen asali, yaron ya zama ɗan gidan har da cin gado. Wannan tallafi na nau'i na biyu ne.

Tarihi

Kafin 1980 gwamnatin tarayya na zuba kuɗi a riƙon wucin gadi, amma ba ta biyan komai idan aka ɗauki yaron dindindin. Ke nan mai riƙon da ya so mallakar yaron da ya shaƙu da shi yana iya rasa kuɗin wata da na asibiti. Yara da dama, musamman marasa lafiya, sai suka yi ta girma a hannun hukuma. Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta gyara wannan a watan Yunin 1980, wadda ta kafa sashe na IV-E a cikin dokar Social Security. A 2008 wata doka ta bai wa jihohi damar ci gaba da biyan wasu yara har shekara 21 maimakon 18.

Sharuɗɗa

Tallafin na yaran da jiha ta bayyana a matsayin masu buƙata ta musamman ne. Sunan na iya ruɗar mai karatu, domin ba nakasa kaɗai ake nufi ba. Yaron da ya fara girma, ko 'yan uwan da ba a son raba su, ko mai larurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa, duk suna iya shiga, muddin ba zai yiwu su koma gidan iyayensu ba. Kowace jiha da nata ma'aunin. A ƙarƙashin sashe na IV-E ba a hana iyali tallafi don samunsu ya yi yawa, halin yaron ake dubawa.

Abin da ake bayarwa

Ana biyan kuɗi duk wata, kuma adadin ana daidaita shi ne tsakanin iyalin da hukuma, sai dai ba zai wuce abin da za a kashe wa yaron a riƙon wucin gadi ba. Gwamnatin tarayya na ɗaukar aƙalla rabin kuɗin. Yaron na samun inshorar Medicaid, wadda a wajen mai ciwo na dogon lokaci takan fi kuɗin watan amfani. Ana kuma mayar wa iyali kuɗin lauya da na kotu har dala 2,000, ko da yake wasu jihohi na tsayawa ƙasa da haka.

Dole a sa hannu a yarjejeniyar tallafin kafin alƙali ya yanke hukuncin ƙarshe. Bayan hukunci nemansa na da wuya ƙwarai, sai ta hanyar ɗaukaka ƙorafi. Shi ya sa ake ƙulla yarjejeniya ko da babu kuɗi a cikinta tukuna, saboda larurar da ka iya bayyana daga baya.

Rangwamen haraji

Tun 1997 akwai rangwamen harajin tarayya ga masu ɗaukar yara. Ya fara da dala 5,000, a 2024 kuma ya kai dala 16,810 kan kowane yaro. Wanda ya ɗauki mai buƙata ta musamman yana iya neman rangwamen gaba ɗaya ko da bai kashe ko sisi ba, amma ana rage shi ga iyalai masu babban samu.