Takardar Rancen Da Aka Rage Wa Kalmomi 2,400

A farkon shekarar 1975 ne bankin First National City da ke birnin Niyok na ƙasar Amurka, wanda daga baya ya koma Citibank, ya fito da sabuwar takardar yarjejeniyar rance ga ƙananan masu hulɗa da shi. Tsohuwar takardar tana ɗauke da kalmomi wajen 3,000 da aka cusa cikin ƙananan haruffa, amma sabuwar kimanin 600 kawai ta ƙunsa, kuma an rubuta ta kamar mai karɓar rancen ne da kansa yake yi wa bankin alkawari.

Waɗanda aka ɗora wa aikin sun tarar cewa sauya kalmomi masu wuya da masu sauƙi ba zai wadatar ba. Da yawa daga cikin sharuɗɗan, lauyoyi ne suka yi ta tara su shekara da shekaru don kare bankin daga abubuwan da ba kasafai suke faruwa ba. Saboda haka tilas aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana tambaya: shin bankin ya taɓa amfani da wannan sharaɗi, kuma me zai yi hasara idan aka cire shi? Sashen da ke bayyana lokacin da za a ce mutum ya saɓa alkawari, wanda a da ya jero dalilai barkatai cikin jimla guda mai tsawon gaske, an mai da shi dalilai biyu: rashin biyan kason wata a kan lokaci, ko kuwa wani mai bin sa bashi ya nemi ƙwace kuɗinsa da ke hannun bankin ta hanyar shari'a.

A nan ne 'yan kasuwa da dama sukan yi tuntuɓe. Takarda ba ta taƙaituwa sai mai ita ya yanke shawarar abin da yake nufi, wannan kuwa aikin shugaban kamfani ne, ba na akawu ko mai buga tafireta ba.

Ba a jima ba hukumomi suka bi sahu. A shekarar 1977 Jihar Niyok ta kafa dokar da ta wajabta rubuta yarjejeniyar masu saye da kalmomin yau da kullum. Kazalika, a 1998 hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka ta umarci kamfanoni da su rubuta bango da taƙaitaccen bayani da sashen haɗurra na takardun sayar da hannun jari cikin Turanci mai sauƙi. Attajirin nan Warren Buffett, wanda ya rubuta gabatarwar littafin jagora da hukumar ta wallafa, ya bayyana cewa idan zai rubuta rahoton shekara na kamfanin Berkshire Hathaway yakan ƙaddara da 'yan'uwansa mata biyu yake magana, mutane masu kaifin basira amma waɗanda ba ƙwararru ba ne a ilmin akanta.

A nan Nijeriya ma lamarin ya zama doka. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta bai wa mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe bayyananne da zai iya fahimta. Duk da haka ba a rasa takardun tayin rance da na talla waɗanda sukan cika shafin farko da gaisuwa da kirarin kamfani, su bar yawan kuɗin ruwa da ranar biya can ƙarshe. Ɗan kasuwar da ya karɓi irin wannan takarda a Alaba ko Onica, ga masu saye tsaye a bakin shago, abu uku yake nema: nawa ne, yaushe zai biya, me zai faru idan ya makara. In bai gan su a layukan farko ba, sai ya ninke takardar ya sa a aljihu.