Shaho da shirwa a sararin Dogon Dutsi lokacin kaka

Daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da manoman Arewa ke yankan gero suna ɗaure damma, tsuntsaye masu farauta iri biyu ke gamuwa a sararin garin Dogon Dutsi na Nijar. Wasu baƙi ne da suka tsero wa sanyin Turai, wasu kuma 'yan Afirka ne da suka yi damina a Sahel, suna haramar komawa kudu. Abin da ya tara su ɗaya ne: fara.

Baƙin Turai suna shan doguwar tafiya. Manya masu faffaɗan fiffike ba sa son bugun iska da ƙarfinsu. Sukan jira rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta taso, su hau ta suna kewayawa har su yi sama, sannan su sulala gaba su nemi wata. Irin wannan iska ba ta tasowa a kan teku, shi ya sa suke cincirindo a mashigin Jibraltar, inda faɗin ruwa tsakanin Sifen da Maroko bai wuce kilomita 14 ba. Bayan nan sai Sahara, tafiyar sama da kilomita 1,500.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kalla shi ne wani siririn shaho da Turawa suka laƙaba wa sunan Montagu. Namijin launin toka ne da baƙi a bakin fiffike, tamatar ƙasa-ƙasa ce da farin tabo a gindin wutsiya. Yakan bi saman gona ƙasa-ƙasa, fiffike a ɗage, yana tangaɗi kamar iska za ta kayar da shi, sai kwatsam ya juya ya faɗa cikin karmami ya fito da fara a ƙafa. A ƙasa yake kwana, cikin ciyawa. Masu bincike daga Holan da suka ɗaura wa irinsa na'urar tauraron ɗan'adam sun gano cewa yakan fara sauka a arewacin Sahel, sannan ya riƙa gusawa kudu yayin da ciyawa ke bushewa, fara na ƙaranci. Manomi dai ba shi da asara a wurinsa.

Shirwa kowa ya san ta, musamman matan da ke kiwon 'yan tsaki. Sai dai iri biyu ce. Mai rawayan baki 'yar gida ce, tana bin ruwan sama arewa, ta koma kudu da rani, kusan lokacin da shamuwa ke tashi. Mai baƙin baki daga Turai take zuwa. Wutsiyarsu duka mai gibi ce. Inda aka cinna wa daji wuta kuwa, nan suke taruwa su cafke ƙwarin da hayaƙi ya kora.

Yanayin ƙasar yana taimakon mai kallo. Garin yana cikin Dallol Mawri, tsohon kwarin kogi da ya gangara kudu ta wajen Tibiri har Gaya, wanda aka sa cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar a 2004. Tsaunukan jan dutse da ke gefen gari suna ɗaukar zafi da wuri, don haka hantsi zuwa azahar ne lokacin ganin masu kewaya sama. Bakin Tapkin Saw da gonakin gawo na hanyar Matankari sun fi daɗi da sassafe ko bayan la'asar. Tabarau mai jawo nesa yana da amfani, amma siffar wutsiya da yadda tsuntsu ke riƙe fiffike sun isa a bambanta da yawansu. Rana ta kasance a bayan mai kallo, in ba haka ba duk baƙaƙe zai gan su.

Abin da ya ragu a wannan sarari shi ne ungulu da mikiya. Masanin Faransa Jean-Marc Thiollay ya ƙirga tsuntsayen farauta a hanyoyin Nijar, Mali da Burkina Faso tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandun daji. Guba a mushe da cinikin kawunansu don tsibbu suna cikin manyan dalilai.