RAGAR LISSAFI DA GININ DA YA NUTSE A NORWE

Ran 23 ga Agusta, 1991, wani makeken gini na kankare mai suna Sleipner A ya nutse a teku kusa da birnin Stavanger na ƙasar Norwe. An yi shi ne don ya zama gindin dandalin haƙar iskar gas, tsayinsa mita 110, yana da manyan rumbuna 24. Ana cikin gwajin saukar da shi a ruwa sannu a hankali, sai bango ɗaya ya tsage, ruwa ya yi ta kwarara ciki har ya fi ƙarfin famfunan da ke zuƙe shi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma an yi hasarar kimanin dala miliyan 700. Da aka bi sawu, sai aka tarar ɓarnar ta faro ne tun daga teburin lissafi.

Ga yadda abin yake. Injiniya ba ya iya lissafa nauyin da kowane lungu na babban gini zai ɗauka a dunƙule. Saboda haka sai ya sa na'ura mai ƙwaƙwalwa ta yayyanka zanen ginin gutsu-gutsu, kamar an shimfiɗa masa ragar kamun kifi. Na'urar takan lissafa abin da ke kan kowane idon raga, sa'an nan ta harhaɗa su ta ba da amsa. Wannan dabara ta bunƙasa ne wajen ƙera jiragen sama, kuma Farfesa Ray Clough na Amurka ya raɗa mata suna a 1960. Yau da ita ake lissafin benaye da gadoji da madatsun ruwa, har a nan Nijeriya.

To, kowane masunci ya san raga mai manyan idanu ƙananan kifaye kan sulale ta ciki. Haka ta faru ga Sleipner. A wurin da bangon rumbuna uku ke haɗuwa, idanun ragar da aka zana sun yi girma, sun kuma karkace. Sai na'urar ta ba da amsar da ta rage ƙarfin da ke neman tsaga bangon da kusan kashi 47 cikin 100. Aka gaskata ta, aka yi bangon bai kai kaurin da ya kamata ba, rodin da aka sa a wurin kuma ya gaza tsawo. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ruwan teku ne ya samu. Daga baya da aka sake lissafin da raga mai kyau, sai ya nuna bangon zai tsage a zurfin mita 62. A mita 65 ya tsage.

Don haka ne ƙwararru ke bin wasu ƙa'idodi. Na farko, a ƙanƙanta idanun raga a wuraren da nauyi ke taruwa, watau inda ginshiƙi ya tokari dakin, da kusurwoyi, da bakin ƙofofi da tagogi. Na biyu, a guji idanu masu tsini ko dogaye sirara, domin su ne ke ɓata lissafi. Na uku, kada a tsaya kan amsar farko: a ƙara matse ragar a sake, har sai amsar ta daina canzawa sosai. Na huɗu, injiniya ya ɗauki fensir da takarda ya yi ƙiyasi da kansa, ya ga ko abin da na'ura ta faɗa ya shiga hankali.

Jama'a, duk mai shirin gina bene yana da haƙƙin ya tambayi injiniyansa ko wani ƙwararre dabam ya duba lissafin. Na'ura ba ta amsa komai sai abin da aka tambaye ta, kuma ba ita za ta kwana a ƙarƙashin dakin ɗin ba.