Motar Rimot: Mai Shan Mai Ko Mai Batir?

Tun muna firamare muke ƙera motar kara da ta gwangwani a lungunan Ƙofar Marusa, mu ɗaura zare mu ja. Bana 'yan kulob ɗinmu mun haɗa karo-karo don mu yi wadda ake tuƙawa da rimot. Sai gardama ta tashi: mai shan mai za mu nema ko mai batir? Kuɗin ba su da yawa, idan muka yi kuskure shi ke nan. Shi ya sa muka yi bincike.

Mai shan mai ana kiranta nitro. Injin gaske ne da ita, har da fistan da kafireta da salansa, amma duka bai cika tafin hannu ba. Ba fetur take sha ba. Manta haɗi ne na metanol da nitrometan da man shafe inji. Fuloginta ma ba ya tartsatsi irin na babur. Wata siririyar waya ce a ciki mai ɗauke da ƙarfen filatinam. Za a ɗumama ta da batir mai bolt 1.5 har ta yi ja. Idan injin ya tashi sai a cire batirin, wayar ta ci gaba da ja saboda tururin metanol da ke taɓa ta. Wannan ya burge mu ƙwarai! Tana ƙara, tana hayaƙi, kuma idan mai ya ƙare cikin minti 10 ko 15, a zuba wani a ci gaba.

To amma ina man? Babu gidan man da ke sayar da shi, sai an yi oda. Metanol guba ne, yana makantarwa, kuma da rana harshen wutarsa ba ya ganuwa sosai. Ga ƙurar hunturu: idan ta wuce matatar iska ta shiga injin, cinye shi take yi.

Ita kuwa mai batir, ƙaramin injin lantarki ne ke juya tayoyinta, wanda muke kira dainamo. Da an danna take zabura. Babu hayaƙi, kuma ƙararta ba za ta sa malamin aji na kusa ya fito da bulala ba. Batirin litiyom ɗaya yana ba da bolt 3.7, idan an jera biyu 7.4 ke nan. Matsalarta caji. Yakan ɗauki kamar awa ɗaya, idan kuma aka ɗauke wuta sai wurin mai cajin waya. Batirin ba ya son zafi, mu kuwa a watan Afrilu zafin Katsina yakan wuce digiri 40. Wanda ya kumbura ko ya huje yana iya kama wuta, don haka kada a bar shi a rana.

Da muka kaɗa ƙuri'a batir ya ci, ko da yake biyu daga cikinmu har yanzu hayaƙin nan suke so. Dainamo muna iya ciro shi daga mataccen DVD ko tsohon rediyon kaset, jikin motar kuma kwali da gwangwanin madara sun isa. Rimot kawai za mu saya. Duk mai mataccen DVD a gida, ya nemi izinin iyayensa ya kawo mana ranar Alhamis bayan tara.