In ɗan kasuwa ya kasa karanta littafin bashinsa

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram ba a rasa rumfar da aka rufe don tansiyo ta kada mai ita. Wani ya kan tashi, amma ɓarin dama ya shanye, magana ta sarƙe. Ya buɗe littafin bashi, rubutun hannunsa ne, ya kasa karanta ko suna guda.

Likitoci na kiran wannan afaziya, kuma tana samun kusan mutum 1 cikin 3 na masu shanyewar ɓarin jiki. Tun 1861 likitan Faransa Paul Broca ya gano wurin da magana take a ƙwaƙwalwa, wanda ga yawancin mutane yana ɓangaren hagu. In jini ya yanke a can, magana da karatu da rubutu su kan tafi tare. Hankali kuwa yana nan. Mutumin ya san mai bin sa, ya san wanda yake bi, kalmar ce ta ƙi fitowa. Masu cewa ya zare, ko ya yi gamo, suna cutarsa.

Gyaran ya fi sauri a watannin farko, ko da yake yana ci gaba har shekaru. Masu koyar da magana kaɗan ne a Nijar, don haka aikin na iyali ne.

Kada ku kawo masa littafin ƴan lakwal, wulaƙanci zai ji. Ku fara da hajarsa: a rubuta "sukari", "shinkafa", "sabulu" da manyan baƙaƙe, ya aza kowace takarda bisa kayanta. Sannan ya kwafi kalma guda a allo, a rufe ta, ya sake rubutawa da ka. In hannun dama ya ƙi, na hagu ya yi. Wanda ajami ya saba, da ajami za a soma. Minti 15 safe da marece ya wadatar, don gajiya na maida shi baya.

Lissafi sai an yi hattara. A Nijar a rubuta 100 a ce dala ashirin, wannan juyi kuwa ya kan rikita shi ko da ya iya ƙirgawa a jere. A zube masa kuɗi a faifai ya ware da hannunsa. Kafin ya ƙware, ɗa ko ƙane amintacce ya riƙe littafin bashin, yana karanta masa sannu, shi yana tabbatarwa da kai.

Maganin tansiyo kuma ba a barinsa sai da izinin likita, domin faɗuwa ta biyu na iya kwashe abin da aka maido.