Lokacin da Ahmed Musa ya dawo gida ya yi wuyar gani

A farkon azumin shekarar 2021, ana tsakar zafin Afrilu, manoman Dambatta da Minjibir da Bichi na ta jigilar taki zuwa gona kafin saukar damina, sai rediyo ya kawo labarin da mutane da yawa suka ɗauka wasa ne: kyaftin ɗin Super Eagles, Ahmed Musa, ya sa hannu a Kano Pillars.

Ba baƙo ba ne a ƙungiyar. Yana yaro ɗan shekara 17, haifaffen Jos, ya ci wa Sai Masu Gida ƙwallo 18 a kakar da ta ƙare a 2010, ya fi kowa ci a gasar Najeriya. Daga nan VVV-Venlo ta ƙasar Holand ta ɗauke shi, sai CSKA Moscow a 2012, sai Leicester City ta Ingila ta saye shi a 2016 kan kuɗin da ya haura fam miliyan 16. A 2018 ya koma Al-Nassr ta Saudiyya, suka rabu a watan Oktoban 2020. Ya zauna wata shida babu ƙungiya. An yi ta maganar West Brom, cinikin bai faɗa ba.

Yawancin shekarun nan, ɗan ƙauye bai rasa ganinsa ba. Akwai gidan kallo a gefen kasuwa: rumfar kwano, bencina a jere, janareta na ruri a baya, ga allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Da 'yan canjinka za ka gan shi a Leicester, ko da yake sau da yawa a benci za ka hango shi. A irin waɗannan rumfuna aka kalli ƙwallo biyun da ya zura wa Ajantina a 2014, da biyun da ya ci Iceland a watan Yunin 2018, samari suka watso waje da ihu.

Amma da ya dawo gida, sai ganinsa ya zama aiki. An mai da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata wurin killace masu korona a 2020, kuma a kakar da ta biyo baya Pillars a Kaduna take karɓar baƙi, tafiyar sama da kilomita 200. Ko ka biya kuɗin mota ma, dokar korona ta hana 'yan kallo shiga. SuperSport kuwa ta daɗe da daina nuna gasar Najeriya. Manhajar waya aka fito da ita, alhali a ƙauye sai mutum ya yi ta neman inda sabis yake, balle kuɗin data na minti 90. Abin kunya ne ga masu tafiyar da gasar, a ce tauraro irin wannan ya faɗo hannunsu, ba su da tashar da mai gidan kallo zai murɗa. Aka koma wa rediyo, a ji sakamako a shirin wasanni bayan shan ruwa.

Zaman ma bai yi tsawo ba. A watan Yuli ya tafi Fatih Karagümrük ta Turkiyya, daga can ya wuce Sivasspor.

Sai a Oktoban 2024 ya sake dawowa Pillars. A wasansa na farko ya ci Sunshine Stars ƙwallo biyu. A watan Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar.