Wusasa: Ƙauyen Da Makaranta Ta Raina

Duk wanda ya bar birnin Zariya ya nufi yamma, ba zai yi nisa ba sai ya hango duwatsun Wusasa da na Kufena. A gindinsu akwai wata coci ta ƙasa, mai bakan gizo kamar soron sarauta, wadda magina Hausawa suka gina. Sunanta St. Bartholomew, kuma sunan nan ne makarantar da ke kusa da ita ta ɗauka.

Asalin makarantar a cikin birni ya ke. Likita Walter Miller na ƙungiyar C.M.S. ya zauna a Zariya tun 1905, yana ba da magani yana kuma koyar da yara a gidansa. Zaman mishan a cikin ganuwa bai kwanta wa fadar Zazzau ba, Turawan mulki kuma ba su son abin da zai ɓata tsakaninsu da sarakuna. Saboda haka a 1929 aka kwashe kome aka koma Wusasa.

Da yawa daga cikin yaran farko 'ya'yan Isawa ne, watau zuriyar almajiran wani malamin Kano na ƙarni na 19 waɗanda suka ba Annabi Isa wani matsayi na musamman. Waɗansunsu sun karɓi Kiristanci suka kafa ƙauye a Gimi, har ciwon barci ya tarwatsa su. To, mutanen da suka rasa ƙauye, danginsu kuma suka juya musu baya, ba su da abin dogara sai junansu. Nan ne ƙarfin makarantar ya fito. Malamin da ya koya wa yaro lissafi da safe shi ne zai ja addu'a da maraice, kuma maƙwabcin ubansa ne. Coci da asibitin St. Luke da ajujuwa duk wuri guda su ke. Yaron da ya yi ƙarya a aji, kafin ya isa gida labari ya riga shi.

Abin lura kuma shi ne ba a raba yaran da Hausa ba. Da ita su ke sujada, kuma Littafi Mai Tsarki da Miller ya yi shekaru yana fassarawa tare da mataimakansa Hausawa ya fito cikakke a 1932. Ba abin mamaki ba ne da John Tafida, ɗan wannan jama'a, ya haɗa hannu da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi.

Daga jama'ar nan ne Likita R.A.B. Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa, wanda ke cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azi, a St. Bartholomew ya fara karatu kafin ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya, ya kuma mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Cikin shekarun nan Farfesa Ishaya Audu ne ke shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan ƙasa na farko a kujerar.

Amma fa a faɗi gaskiya, tsarin yana da tsada. Iyaye Musulmi da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu makarantun mishan don tsoron kada a sauya musu addini, kuma tsoron nan ba na banza ba ne, tun da mishan ba ta taɓa ɓoye nufinta ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa ilmin boko ya yi jinkiri a ƙasar Hausa.

A shekarun 1970 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun sakandare na mishan. St. Paul's ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena, St. John's ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri kuma ta koma Queen Amina. Ƙofa ta buɗe wa kowa, wannan kuwa adalci ne. Sai dai malami ya zama ma'aikacin da ake iya sauya wa wurin aiki da takarda guda daga ma'aikatar ilmi, sau da yawa kuma ya kan tashi bai san uban ko yaro ɗaya a ajinsa ba.